Ƙafar Uwar Amarya

Ranar Litinin aka yi wa Saudatu ƙunshi, saura kwana goma sha biyu a ɗaura auren autarta Safiya. Hajiya Kulu, yayar mijinta, ita ta yanke haka. Tun da hantsi ta sauka daga adaidaita a bakin layinsu na Gyadi-Gyadi, ta taso daga Darmanawa da mai ƙunshi a bayanta, tana shigowa tana ba da umarni tun daga soro.

"Uwar amarya, da ke za a fara. Daga gobe kin shiga suyar gara, ba ki da sauran zama."

Saudatu ta so ta ce a ƙyale ta. Shekara shida ke nan tana fama da ciwon suga, kuma tun bara tafin ƙafafunta suka daina jin komai, ko tsakuwa ta taka sai dai ta gani da ido. A asibiti an sha ja musu kunne: a kula da ƙafa, kada a kusanci wuta da ita. Amma baƙi sun riga sun fara zuwa daga ƙauye, tsakar gida cike da mata, kuma mijinta Malam Isyaku ya kafa doka cewa ba mai ambaton sunan ciwon nan sai an ɗaura aure.

Dokar ma ta Hajiya Kulu ce, shi dai ya sa mata hannu ne. Bara wani ya nemi Safiya, magana ta yi nisa, sai danginsa suka janye ba su faɗi dalili ba. Hajiya Kulu ta zauna ita kaɗai ta gano dalilin: an yi bincike, an ji uwar yarinya na da suga, suga kuwa gadonsa ake yi. Wa ya gaya mata haka aka yi? Oho. Amma tun daga ranar zancen ya zauna daram a gidan.

Aka kwaɓa lalle, aka lafta mata a ƙafafu, aka naɗe da leda aka ɗaure da tsumma. Tsakiyar damina ce, an kwana ana ruwa, garin ya yi sanyi, lalle ba ya kamawa da wuri. Hajiya Kulu ta jawo kaskon garwashi da ƙafarta ta tura shi gaban Saudatu.

"Ɗora su nan su ji ɗumi."

"Yaya, ai likita ya ce..."

"Wane likita?" in ji Hajiya Kulu, ta zuba mata ido, sannan ta kalli matan da ke zaune.

Saudatu ta haɗiye maganarta. Ta miƙa ƙafafun bakin kasko, aka ci gaba da hirar lefe da kalar ankon da za a sa. An fi rabin awa a haka, sai wata tsohuwa ta ɗaga hanci ta ce, "Wai me ke ƙauri ne?"

Ledar ƙafar hagu ce ta narke ta manne da fata. Mata suka yi salati, aka janye kaskon. Tsohuwar ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, wuta na cin ki ba ki ji ba?" Saudatu ta yi yaƙe ta ce hira ce ta ɗauke mata hankali. Da aka kwance, gefen ƙafar da 'yan yatsu biyu sun yi bororo. Mai ƙunshi ta ce gara a bar wannan ƙafar haka. Hajiya Kulu ta ce ina aka taɓa ganin uwar amarya da ƙafa ɗaya ja ɗaya baƙa? Aka dama gishirin lalle da toka, wanda ke mayar da jan ƙunshi baƙi, aka shafe ƙafafun biyu har kan ƙunar. Ya kama kuwa, baƙi wuluk, kowa na cewa ma sha Allahu.

Washegari aka kafa murhu uku a bayan gida. Duk dangin Malam Isyaku babu mai hannun Saudatu a dubulan da alkaki, don haka ba wanda ya kawo zancen ɗauko mai suya. Daga safe zuwa la'asar tana kan kujera 'yar tsugunno, ga wuta a gaba, ga taɓon damina a ƙasa, silifas ɗinta sharkaf. Ita ke dafa ruwan sugan da ake tsoma dubulan, ita kuma ke ɗanɗanawa ta ji ko ya yi danƙo. Da ta miƙa wa wata cokalin sai a ce, "A'a, bakinki ne ya san daidai."

'Yar tukunyar tuwon alkamar da take yi wa kanta aka ce a ajiye ta tukuna, kada baƙi su tambayi dalili. Abin da aka dafa wa kowa shi za ta ci: shinkafa, taliya, shinkafa. Allurarta ta suga kuma, wadda take ajiyewa a gindin randa don sanyi, Hajiya Kulu ta tsince ta ta ce wannan ai talla ce. Aka kai ta durowar ɗakin Malam aka kulle. Shi kuwa tun safe yake ficewa rabon katin gayyata da mukulli a aljihu. Ran da ya tuna a yi allura, ran da bai tuna ba sai gobe.

Kafin Juma'a ƙishirwa ta hana ta sakat. Ta sha ruwa ta zaga bayi, ta dawo ta sha ta koma. Idanunta suka fara ganin dishi-dishi. Bororon ya fashe, wurin ya ɗanye, ƙafar ta kumbura har silifas ya daina shiga.

Bayan an sauko daga masallaci ta sami mijinta a ɗakinsa yana jera huluna. Malam Isyaku mutumin kirki ne, kowa a unguwa zai gaya maka. Ma'aikacin gwamnati ne da ya ajiye aiki ba tare da an taɓa jin kansa da kowa ba, sahun farko ba ya wuce shi, kuma in maƙwabta sun saɓa shi ake kira sulhu. Bai taɓa ɗaga wa Saudatu hannu ba. Abin da ya iya shi ne magana mai laushi, kuma da ita ya gama da ita.

"Malam, ƙafar nan fa ba lafiya. Dubi."

Ta ɗage zani. Ya kalli wajen ƙofa ya ga ko akwai mai ji.

"Sannu. Ƙuna ce ai, za ta bushe."

"Ƙunar mai suga ba ta bushewa haka nan. Ka bar ni in leƙa asibiti, ga shi nan bakin titi. Wankewa kawai za su yi."

"Saudatu, kin san mutanen nan. Kina zuwa za su ce sai sun kwantar da ke. Kina kwanciya surukai za su zo dubiya. Suna zuwa za su tambayi me ya same ki. To me za mu ce?"

"Mu faɗi gaskiya mana."

"Irin gaskiyar bara?" Ya sassauta murya. "Kwana takwas ne fa kacal. Ki yi haƙuri a gama bikin nan, wallahi da kaina zan kai ki."

Kai jama'a! Daga ƙofar gidan nan, in ka tsaya ka miƙa wuya, kana hango katangar babban asibitin. Mutane na tasowa daga garuruwa masu nisa su kwana a hanya don su zo shi. Ita tafiyar minti biyar ce a adaidaita, amma aka ce sai an gama biki.

Hajiya Kulu ta karɓi jinya. Ta aika kasuwar Tarauni aka samo gashin zomo, ta fasa kafso ta barbaɗa garin a kan ciwon, ta manna gashin, ta ja mata safa. Ta ce da wannan aka yi wa kakanninmu magani, kuma ba a yanke wa kowa komai ba. Ranar Litinin da aka cire safar, 'yan yatsun biyu sun yi wani irin baƙi, sun motse, baƙin ya haura inda lalle bai taɓa ba.

"Yaya, wannan ba baƙin ƙunshi ba ne."

"To na mene ne? Lalle ne ya kama. Ke dai kin cika raki."

"Warin fa?"

"Wane ciwo ne ba ya wari?"

Amma ita ma ta ji shi, don a ranar ta sa aka kwashe buhunan da ke ƙaramin ɗakin ajiya, aka shimfiɗa wa Saudatu katifa a ciki, wai don ta huta da hayaniya. Aka ajiye kaskon turaren wuta a bakin ƙofa, ba ya mutuwa. Duk wadda ta wuce sai ta ce, "Uwar amarya, irin wannan ƙamshi haka!" Safiya takan leƙo a gurguje, tsakanin gyaran jiki da zuwa wurin tela.

"Umma, jikin ne?"

"Gajiyar suya ce. Je ki abinki."

Talata ce ranar ganin likitanta, ta farko a kowane wata. Saudatu ta tashi da zazzaɓi, cinyarta har ta yi kaluluwa. Ta zauna a bakin katifa tana kallon ƙafar, tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta sha ganin masu sanda a layin asibiti, ta san daga inda kowannensu ya fara. Ta ce a ranta, yau ko za a sake ni sai na je. Ta zura hijabi, ta naɗe ƙafar da tsumma, ta lallaɓa tana bin bango lokacin da mata suka taru a kan tankaɗe. Ta fita. Ta kai bakin layi tana haki, ta ɗaga wa mai adaidaita hannu, ya tsaya.

"Ina zuwa?"

Muryar Malam ce. Yana dawowa daga wurin masu hayar rumfa. Bai yi faɗa ba. Ya sallami mai adaidaitan da hannu, ya matso kusa da ita.

"Da izinin wa?"

"Malam, ƙafata ruɓewa take yi. Ka ji tsoron Allah. Ruɓewa take yi ina kallo!"

"Rage murya, a titi muke." Ya waiga ya dubi masu wucewa. "To shi ke nan, ban hana ki ba. Ki je. Amma in magana ta fita, mutanen nan suka janye kamar na bara, ke za ki shiga ɗaki ki gaya wa yarinyar nan. Ni ba zan iya sake kallon idonta ba. Kin manta wata nawa ta yi ba ta cin abinci?"

Ba ta manta ba. Ita ta riƙa zama a gefenta da kwano tana lallashi. Tana tsaye a bakin titi, motoci na watsa ruwan kwata, hawaye na bin fuskarta. Adaidaita uku suka rage gudu suna mata hon, ba ta ɗaga hannu ba. Kwana huɗu ne, in ji zuciyarta, ya Allah Ka riƙe min ita kwana huɗu. Ta juya ta bi shi gida, yana gaba tana baya tana jan ƙafa.

Kada wani ya ce ai da ƙafarta ta koma. An san inda za a taɓa ta ne aka taɓa.

Ranar Asabar aka ɗaura aure bayan azahar, Safiya da Garzali. Maroƙi ya yi shela, gida ya ɗauki guɗa. Aka shiga ɗakin ajiya aka tayar da Saudatu, aka sa mata leshi, aka kafa mata ɗauri, aka fesa mata turare har kwalba ta kusa ƙarewa. Mata biyu suka riƙo ta zuwa kujera a ƙarƙashin rumfa, aka ja zani ya rufe ƙafar. Haka ta wuni, jikinta kamar garwashi, haƙoranta na haɗuwa, ana zuwa ana durƙusawa ana ɗaukar hoto da ita. Mai hoto sai cewa yake, "Hajiya, ɗan murmushi!" Tana yi. Da dangin ango suka zo gaisuwa aka buɗe lemon kwalba aka miƙa mata a gabansu, Hajiya Kulu na tsaye a kanta. Ta shanye.

Lahadi da yamma aka zo ɗaukar amarya. Aka kawo Safiya lulluɓe tana kuka, ta faɗa jikin uwarta. Saudatu ta tanadi nasiha mai yawa tun watanni, amma harshenta ya yi nauyi, abin da ya fito kawai shi ne, "Allah Ya yi miki albarka." Motoci suka tashi. Ƙarar motar ƙarshe ba ta gama ɓacewa ba Saudatu ta sulale daga kan kujera.

Ko a nan ma sai da Hajiya Kulu ta ce a yayyafa mata ruwa a bari baƙi su ragu. Sai Litinin da safe, sati biyu cif da ƙunshi, Malam Isyaku ya cika alkawari ya kai ta da kansa.

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Da aka yanke tsumman da almakashi, ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da ƙafar ta kawar da kai.

"Yaushe wannan ya fara?"

"Kwana uku ne zuwa huɗu," in ji Malam.

"Sati biyu," in ji Saudatu daga kan gado, idonta a rufe.

Likitar ta dube shi. "Baba, ina ne gidanku?"

"Nan Gyadi-Gyadi."

Ta ajiye biro. "Da a satin farko kuka zo, wanki ne da magani. Da ko Talatar da ta wuce ce, wataƙila yatsu biyu za mu cire. Yanzu ya shiga jini. Sai dai a yanke daga ƙasan gwiwa, kuma yau."

"A ba mu lokaci mu yi shawara da 'yan'uwa..."

"In kuka kai gobe, ba zancen ƙafa za mu yi ba."

Ya karɓi biron. Ya sa hannu a takardar amincewa da aikin.

Kwana uku bayan aiki aka ce surukai na tafe dubiya. Kana tsammani an daddara? Ina! Malam Isyaku ya sunkuya a kan gadonta yana raɗa.

"In sun tambaya, ƙusa kika taka a wurin suya, ta yi tsatsa. Haka muka gaya wa kowa."

Saudatu ta dube shi kawai. Hajiya Kulu ta gyara mata bargo, ta tura allon bayanin ciwonta da ke rataye a ƙarshen gado ya juya baya.

Hajiya Uwani, mahaifiyar Garzali, ta shigo da kwandon abinci, Safiya na biye da ita idanu a kumbure. Doguwar mace ce mai fara'a, tana shigowa ma'aikatan ɗakin suka hau gaishe ta kamar sun saba. Ta zauna, ta kama hannun Saudatu.

"Sannu, 'yar'uwa. Sannu. Garin yaya haka?"

"Wallahi Hajiya, tsautsayi ne," Hajiya Kulu ta karɓe. "Ƙusa ce..."

"Ciwon suga ne," in ji Saudatu. Muryarta a dishe take, amma har gadon ƙarshe an ji. "Shekara shida ina da shi."

Malam ya runtse ido. Hajiya Kulu ta dafe ƙirji.

"Ai na sani," in ji Hajiya Uwani, tana kallonsu da mamaki. "Layi ɗaya muke bi da ke duk Talatar farkon wata. Ni shekarata goma sha ɗaya ina allura. Na sha hango ki a benci tun kafin a kawo kuɗin gaisuwa, kunya ce ta hana ni yi miki magana, kin san surukuta. Talatar satin biki ma na duba ban gan ki ba, na ce hidimar biki ce. Ni tambayata, me ya sami ƙafar har ta kai haka, ga ku ga asibiti?"

Can Malam Isyaku ya yi gyaran murya ya ce komai rubutacce ne, bawa ba ya wuce ƙaddararsa. Hajiya Kulu ta ce Allah Ya sani su dai alheri suka nufa, rufin asirin yarinya suka duba. Hajiya Uwani ta dube shi, ta dube ta, ta gane. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Haka ake yi a gidajenmu. A kulle wa mutum maganinsa, a rufe shi a ɗaki da turare, a tare shi a bakin titi, in abin ya lalace kuma a ɗora wa ƙaddara. Ƙaddara ba ta riƙe mukullin durowa ba. Kuma har yau in ka je unguwar ka tambaya, za a ce maka Malam Isyaku ya yi ƙoƙari, shi ya yi ta jinyar matarsa.

Safiya ce ta durƙusa a gefen gadon, ƙunshin amarcinta ko dishewa bai yi ba.

"Umma, saboda ni ne? Don Allah ki gaya min. Saboda ni kika ƙi zuwa?"

Saudatu ta ɗora hannu a kanta. Ta ga Malam na mata alama da ido, irin alamar da ta shekara talatin tana bi. Wannan karon ta kawar da kai.

"Ba laifinki ba ne, ba ki sani ba. Amma ki saurare ni. Gobe ki sa mijinki ya kawo ki a gwada jininki. Duk abin da aka gani, ki faɗe shi da bakinki a gaban kowa. Wanda zai gudu ya gudu. Kin ji ni?"

"Na ji, Umma."

Lokacin dubiya ya ƙare, aka fara korar mutane. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, Malam ne na ƙarshe, ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce Allah Ya ƙara sauƙi, ya bi bayansu.

Sai da ɗakin ya yi shiru sannan ta ji shi. Wani zugi ne a tafin ƙafar hagu, daidai gefen 'yan yatsu, zafin wuta sosai kamar yanzu aka ɗora ta a kan garwashi. Shekara guda ƙafar nan ba ta ji komai ba, sai yau. Saudatu ta cije leɓe, ta yunƙura da sauri ta kai hannu don ta janye ta daga wutar. Hannunta ya sauka a kan katifa.